Jarrabawar Ladi

…goma sha ɗaya. Ya sake bin su da yatsa, ko Allah zai sa ɗaya ya ɓace a hanya. Goma sha ɗaya ne dai. Layi uku kacal na rubutu, kuskure goma sha ɗaya, kuma ƙa'idar ba ta canza ba tun yana saurayi: wanda ya haura kuskure biyar a dikte, wato shifta, ziro. To mai goma sha ɗaya fa? Ziro biyu da ɗoriya? Babu ziro biyu. Guda ne, ya ishi kowa.

Malam Isufu yana zaune a tabarma gindin bishiyar bedi, kaye, wato littafin rubutu, a kan gwiwarsa, hantsi bai gama ɗagawa ba. Can bayan rumbu Ladi tana yi wa awaki faɗa. Matarsa. Shekara arba'in da… da shida? Da bakwai? Shekarar da aka tura shi koyarwa Tajaye dai, shekarar da ya sayi keke — a'a, keken daga baya ne, tana da goyo lokacin. Ita ce ɗalibarsa yanzu. Ta ƙarshe. Shekara talatin da huɗu yana tsaye gaban allo a lakwal, makarantar boko, Mushe Isufu nan, Mushe Isufu can, kamar yadda ake kiran malami da Faransanci, yara garke-garke sun bi ta hannunsa, sai ga shi ya dawo gida Dogarawa da ɗaliba guda, mai furfura, wadda ke zuwa darasi da dusa a hannu.

Gobe Asabar. Wannan ya sani, domin farar rigarsa tana shanye a igiya, kuma Ladi ba ta wanke ta sai safiyar Juma'a. Gobe Sakina, autarsu, za ta sauko daga motar Malbaza da jaka a kafaɗa, ta durƙusa ta gaishe shi, ta sha ruwa, sannan ta dube shi da idon nan nata da ba ya kaucewa. Irin nasa ne. A wurinsa ta samo. Da shi ta dube shi wancan zuwan, ranar da ta ce:

"Baba, kai na malami. Ka koya ma Inna karatu, ka gwada ta da kanka. In ka ce ta iya ba ka magani daidai, na yarda, in bar ku gidanku. In ba ta iya ba, ka biyo ni Malbaza. Wata ukku na ba ku."

Wata uku. Gobe suke cika.

Ba laifin yarinyar ba ne. Shi ya faɗi. Ya sha ƙwayar hawan jini da safe, ya manta ya sha, ya sake sha, wataƙila har ya ƙara ta uku, wa ya sani — ya miƙe zai duba rumbu, sai gidan ya juya. Da ya buɗe ido kuncinsa yana ƙasa kusa da kwamin awaki, ɗan akuya yana shinshinar hularsa. Kukan Ladi kuma daga nesa, kamar daga gidan maƙwabta, alhali kansa yana kan cinyarta…

Ɗakin Malbaza mai kyau ne, ya gani. Daɓen siminti, taga, har da fanka. Gidan Tijjani, mijin Sakina, mutumin kirki, ma'aikacin kamfanin siminti, ba ya ɗaga ido ya dube shi. Manyan motoci suna wucewa, ƙasa tana rawa a ƙarƙashin gado. Amma Ladi ta ce, tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba: "Ni ba ni kwana gidan suruki. Ko dare guda." Kuma ba za ta kwana ba. Ya san ta. Ke nan shi kaɗai zai tafi, ita ta zauna da awaki. Wa zai yi tari a bayan bango da asuba, ya san lokacin alwala ya yi? Wa zai san cewa in ya ce "abin nan", buta yake nufi, in kuma ya ce "abin can", tabarau?

Goma sha ɗaya.

Jiya ya karanta mata a hankali, sau uku, yana tafiya yana dawowa hannu a baya, kamar dā: Damina ta yi albarka, manoma sun cika rumbuna. Ta kama bik, biron nan, kamar muciya. Harshenta a waje. Haruffanta wasu a kwance wasu a durƙushe, sai ka ce awakin nata da rana tsaka. Da ya zana mata ziro ta juya kayen ta duba ta kowane gefe.

"Malam, ƙwan nan da kake ba ni kullum, da na zabo na, da mun yi arziki."

Ya yi dariya har ya ƙware. Ita ma. Daga baya ya ga ta fita bayan ɗaki ta daɗe.

A ce ya yi ƙarya? Kalma biyu ce: ta iya. Sakina za ta yarda, domin duk wanda ya san Mushe Isufu ya san bai taɓa ƙara wa yaro rabin maki ba. Ko ɗan maigari, da aka aiko da zabi huɗu, ya mayar da zabin, ya bar ziron. Shi ya sa za ta yarda. Shi ya sa kuma ba zai iya ba. Harshen ba zai juya ba. Kuma in ya yi ƙaryar, wata rana ya sake faɗuwa, a ce a hannun Ladi ya mutu — ta yaya za ta ƙarasa kwanakinta da wannan?

Inusa. Me ya kawo Inusa yanzu? Dogon yaron nan na Tajaye mai zama a bencin baya, ƙafafunsa ba su shiga ƙarƙashin teburi. Shi ya auna lambun lakwal da igiya da tsinke, ya faɗi faɗinsa da baki kafin Mushe ya gama rubutawa a allo. In ka ba shi lissafi a ka, kafin ka rufe baki ya ba ka amsa. A jarrabawar sartifika, ta gama firamare, ya yi kuskure shida a dikte. Ɗaya kawai ya haura. Ziro, kuma ziron dikte a wancan zamani kora ce, kome ka ci a sauran. Ya bi manya cin rani, shekararsa goma sha huɗu… Sun haɗu a tashar Ƙonni — yaushe ne? Gemunsa ya yi fari. Magini ne, ya ce, gidajen bene yake ɗorawa. Ya durƙusa a cikin mutane, Mushe, Mushe, ya karɓi jakarsa ya kai masa har mota. Da ya yi fushi ma da ya fi sauƙi. Ba dai an so a san ko yaro zai iya rayuwa da abin da ya koya ba ne? Ko me aka so a sani? Ya yi shekara talatin da huɗu bai tambaya ba. Akwai ƙa'ida, sai ya bi ƙa'ida, ya kuma yi barci da kyau.

Kaza ta hau tabarma. Ya kore ta da kayen.

Lokotoron nan na asibitin Ƙonni, yaro ne ƙarami, sa'an Sakina, shi ya iya jarrabawa. Ya ce, Baba, zan faɗa maka kalmomi uku, ka riƙe mini. Ya riƙe. Uku kacal, ga mutumin da ya haddace sunayen kogunan duniya. Sai ya ce ka cire bakwai daga ɗari, ka yi ta cirewa. Wannan kuwa! Casa'in da uku, tamanin da shida, saba'in da tara — ya sheƙa da gudu har yaron ya yi murmushi ya ɗaga hannu. To Baba, kalmomin nan uku fa? Ya juya zai ɗauko su inda ya ajiye. Wurin yana nan, a share. Babu kome a kai. Sakina tana kallon bango… Bai ji haushin yaron ba. Me zai ji haushi? Mantuwa ya zo nema, ya haƙa daidai inda take, ya same ta. Da ya ce ya rubuta masa dikte da ya ci goma bisa goma, a sallame shi a ce lafiyarsa lau.

Da ya ci goma bisa goma…

Tsaya. Akwai wani abu a nan. Kada ya gudu. A hankali, kamar mai kama fara.

Mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, bai taɓa tambayarsa yadda ake shuka ba. Ruwan farko ya sauka, ya miƙa masa sungumi, ya ce wuce gaba. Yana sara, tsohon yana biye da shi a baya, shiru, yana zuba iri yana rufewa da diddige. Bai ce daidai ba, bai ce ba daidai ba. Bayan kwana bakwai ya kai shi gonar da sassafe ya tsayar da shi. Ga tsiro ya fito, layin tsohon a miƙe, nasa kuwa yana tafiya kamar maciji ya sha rana. Shi ke nan jarrabawar. Malam Mutari kuma na makarantar allo, in hadda yake so ya ji, sai ya juya maka baya ya rufe ido. In rubutu yake so, sai ya ce yi shiru, miƙo allon. Bai taɓa auna hadda da tawada ba. Mutanen nan ba su je ko'ina an horar da su ba.

Shi kuwa an horar da shi. Dab da zai aje aiki wasu samari suka zo daga Tawa da manyan takardu suna mannawa a bango. Ka fara rubuta abin da kake so yaro ya iya yi, in ji su, sannan ka zaɓi yadda za ka gan shi yana yi. Ya yi hamma a bayan hannu. Yana tunanin shinkafar da aka ce za a kawo da azahar. Yau sunayen jikokinsa suna sulalewa ɗaya-ɗaya, ita kuwa maganar samarin ta zo ta zauna kusa da shi a tabarma ba sallama.

To. Me kake so Ladi ta iya yi, Isufu?

Rubuta wa anspekter mai duba makarantu wasiƙa? Wa ya ce a cika rumbuna a takarda? Ita da ta cika na gaske shekara arba'in da wani abu.

Ƙunshi biyu ne a gwangwanin madara. Ɗaya an rubuta masa SAFE, ɗaya DARE, da manyan baƙaƙe. Ta ɗauki wanda ya dace — ɗaya ke nan. Kwalin da Sakina ta zana yana rataye a ƙusa a ɗaki, sunayen ranaku a jere, kowace da gida biyu. Ta nemo ranar yau — biyu. Ta ja layi in ya sha — uku. Amma ai… ai tana yi. Ya fi wata tana yi, kullum bayan koko, a gabansa, leɓunanta suna motsi. Ya gani da idonsa bai ƙirga ba, domin ba a lokacin darasi ba ne, ba ta zauna a miƙe ba, bai ce a buɗe kaye ba. Wane irin malami ne wannan? Ɗaliba tana ba da amsa kowace safiya, shi yana jiran ta yi kuskure da yamma.

Ta iya ke nan? Ya faɗa wa Sakina?

A'a. Saura. Zuciyarsa ba ta kwanta ba, kuma zuciyar nan, duk da kan ya fara yoyo, ba ta cika yi masa ƙarya ba. Ranar da ya faɗi, karatu ya rasa? Shi da ke karanta Faransanci da boko da ajami? Da iliminsa duka ya faɗi kusa da kwami. Kuma Ladi tana nan. Ya tuna — Allah ya sa ba ƙirƙira yake yi ba — ya tuna ya ce miƙo mini maganin. Ta ce, a hankali, "Kamar ka sha hwa, Malam." Ya ce ban sha ba. Ta miƙo.

Ta miƙo. Domin ba ta taɓa yi masa musu ido da ido ba. Tana da hanyoyinta, ya sani: ta yi shiru kwana biyu, ta manta gishiri a miya, ta aiko da maganar ta bakin yara, har ya wayi gari ya ga ra'ayinta ya zama nasa. Amma ƙwaya ba ta jiran kwana biyu. Abu na huɗu ke nan, kuma shi ne duka: ranar da zai ce ban sha ba, da muryarsa, da gemunsa, da shekarunsa, ta dubi kwali kada ta dube shi, ta ce a'a.

Wannan kuwa ba a gane shi a kaye. Sai an miƙa mata sungumi.

Ƙarya ce zai yi? Ba ƙarya ba ce. Sau nawa ya rubuta bakwai sau takwas hamsin da huɗu a allo da gangan, ya juya baya, yana jiran hannun da zai yi ƙarfin halin ɗagawa? Sai dai abin da tausayi. Za ta ji tsoro. Allah ya yafe masa, na ɗan lokaci ne, daga baya ya faɗa mata su yi dariya.

Ya sha na yau, wannan ya tabbata. Bayan koko. Ƙaramar farar ƙwaya, ruwa a shuɗin kofi, zakara yana cara a kan danga. Ya sha. Yana da amsar a hannu. Madalla.

"Ladi."

Ta taho tana goge hannu a zane. Ƙafarta ta hagu tana ɗan ja — yaushe ta fara haka?

"Na'am, Malam. In diktenka na, awaki ba su gama ci ba."

"Miƙo mini maganin safe."

Ta tsaya. Ta shiga ɗaki. Ta fito da gwangwani a hannu ɗaya, kwali a ɗaya. Yatsanta yana sauka a hankali, leɓe yana motsi. Li-ti-nin. Ta-la-ta. Dubi yadda take bi, ba ta tsallake ko ɗaya. La-ra-ba… Kai, Ladi. Ladi ta gidan Umaru mai rini, da aka kawo masa a lulluɓe tana kuka, yau ga ta tana karatu a tsakar gidansa.

"Juma'a. Ga layi nan. Ka sha, Malam."

"Ban sha ba."

Ya faɗa da kyau. Har ya yi mamakin yadda ta fito sumul, kamar gaskiya. Kamar… Shuɗin kofi. Zakara a kan danga. Yau ne? Zakaran nan kullum yana kan danga. Kofin kullum shuɗi ne. Koko kullum koko ne. Ya lasa bakinsa, babu ɗaci. Ina ɗacin? Jiya ce ya tuna, ko shekaranjiya — kuma ƙeyarsa, ga ta nan tana bugawa, tif, tif, ba haka yake farawa ba? Yaron Ƙonni ya ce tsallakewa ma haɗari ce, Baba, ɓarin jiki yana iya shanyewa. Ya ga waɗanda abin ya kama, baki a karkace, ana juya su a shimfiɗa. Layin da ke kwali fa, wa ya ja? Mai kuskure goma sha ɗaya. In jiya ta zame ta ja a gidan yau fa? In ta… Bai sha ba. Wallahi bai sha ba. Za su bar shi ya shanye a kan tabarma saboda zanen fensir.

"Ladi, da ni kike gardama? Na ce ban sha ba. Miƙo."

Muryar ce ta dā, wadda ke sa aji mai yara saba'in ya yi tsit. Awaki ma sun ɗago. Hannunsa a miƙe. Gwangwanin yana hannunta. Ta matso taki ɗaya. Za ta ba shi. Yauwa, ba shi, ba shi mana…

Ba shi take kallo ba. Kwalin take kallo. Ta sake ɗora yatsa, daga sama, tun daga Litinin, rana bayan rana, kamar babu wanda ke jira.

"Ka sha, Malam. Da hannuna na ba ka, da hannuna na ja layin ga. Ba ni ƙara ma ko guda. Ka yi hushi in kana so. Ina nan."

Ta mayar da gwangwanin bayanta. Ta zauna a bakin tabarma, nesa kaɗan, inda hannunsa ba zai kai ba. Idonta ya cika bai zubo ba.

Fushi. Ya zo har wuya, mai zafi, ya tsaya nan… sai ya fara saki. Kamar akwai wani a bayan aji, tsoho, hannu a baya, yana gyaɗa kai. Me yake gyaɗawa? Jarrabawa. Ai jarrabawa ce. Shi ya shirya ta — shi ne? Da amsar a hannunsa ya fara, yanzu ya buɗe hannun babu kome. Bai san ko ya sha ba. Har ga Allah bai sani ba. Tunda yake bai taɓa duba aikin ɗalibi ba sai ya san amsa, yau ga shi. Amsar tana can bayanta, tare da gwangwani, kuma daga yau can za ta zauna.

Amma ya ga abin da ya gani. Ya daka mata tsawa da muryar da ba ta taɓa tsallakewa ba, da gaske ya daka, ba wasa ba, ta dubi kwali. Me kuma ake nema? Ta ci. Goma bisa goma, ba ragi, ba alfarma. Ita ba ta ma san an gwada ta ba, ga ta can tana share hanci da gefen mayafi, tana zaton ta yi laifi. Sai shi kaɗai ya sani. Shi kaɗai ne shaida, a duk duniya, kuma kan nasa… Gobe da nisa. Akwai azahar, akwai masallaci, akwai dare guda cur a tsakani.

"Ladi." Muryar ta dawo ƙarama. "Gobe in yarinyar ga ta zo, ki tuna mini."

Ta ɗago. "In tuna ma mi, Malam?"

Ya buɗe baki. Abu ne mai daɗi, wannan ya tabbata, har yanzu ɗuminsa yana ƙirjinsa. Game da ita ne. Kalma biyu ce, ko uku… yanzun nan tana nan, a nan, kan harshe — Sakina za ta durƙusa, ta sha ruwa, ta dube shi, shi kuma ya ce… ya ce…

Ladi tana jira. Ba ta gaggauta shi ba. Ta ɗan matso kusa, gwangwanin dai yana bayanta.